DARASI: AN SAKE TAKALMIN BIRKI, FITILA BA TA MUTU BA

'Yan'uwa masu karatu, darasinmu na yau a kan birkin mota yake. Kada wani ya ce ba shi da mota. Kowa yana shiga mota. Da mota ake kai zogale da barkono daga lambunan Jiratawa zuwa kasuwar Maradi, Litinin da Juma'a. Da mota ake zuwa Tibiri, da Madarunfa, da Dan Isa. In birki ya ƙi, ba direba kaɗai ke shan wuya ba.

Mene ne takalmin birki?

A bayan taya akwai faifan ƙarfe da yake juyawa tare da ita. Takalma biyu suna riƙe da shi, ɗaya ciki, ɗaya waje. Makanikai suna kiransu plaket. In direba ya taka birki, man birki ya tura takalman, su matse faifan, mota ta tsaya.

Kullum aka taka, takalmin yana cinyewa kaɗan, kamar bakin hauya. Sabo yana da kaurin milimita 10 zuwa 12. In ya rage milimita 3, wato bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba, lokacin sake shi ya yi. Rairayi da ƙura da kaya masu nauyi suna sa shi ƙarewa da wuri.

Yaya mota take faɗa?

Wasu motoci, kamar Toyota da yawa, suna da ɗan ƙarfe a jikin takalmin. In takalmin ya ci, ƙarfen ya taɓa faifai, sai ka ji ƙara mai tsini.

Wasu motocin Turai, kamar Mercedes da BMW da Volkswagen, ɗan waya suke da shi a cikin takalmin. In takalmin ya ci, faifai ya goge wayar. Nan take fitila ta kama a allon gaban direba, wanda ake kira tabulo.

Ku lura da fitilu biyu. Mai ruwan ɗorawa, da'ira ce da baka mai tsinke-tsinke a kowane gefe. Ita ce ke cewa takalmi ya ci. Ja, da'ira ce da alamar (!) a tsakiya. Ita tana cewa birkin hannu yana sama, ko man birki ya ragu. In ja ta kama ana tafiya, a tsaya.

Me ya sa fitila ba ta mutu ba?

Ga abin da yake yawan faruwa. An sa sabon takalmi, an biya kuɗi, amma fitila tana nan. Dalilai huɗu ne:

1. An mai da tsohuwar waya. Wayar da ta riga ta goge ba ta sake aiki. Sai sabuwa.
2. Ba a cusa kan wayar da kyau ba, ko ƙasa ta shiga mahaɗin.
3. An gyara gaba, alhali takalmin baya ne ya ci.
4. Komai daidai ne, amma motar ba ta san an yi gyara ba. Sai an sanar da ita.

Yadda ake kashe ta

Da farko a duba waya da mahaɗinta, gaba da baya. Sannan a kashe mota, a sake tayar da ita. Motoci da yawa nan fitilar take mutuwa da kanta.

Tsofaffin BMW, ana murɗa makulli har fitilun tabulo su kama, amma ba a tayar da inji ba. A jira kamar minti ɗaya. Sababbin motoci kuwa, sai an shiga lissafin gyara da maɓallan tabulo, ko a sa na'urar bincike a gareji. Kowace mota da hanyarta. In akwai littafinta, a duba. Ga amfanin karatu ke nan.

Abin da ba a yi

Wani sai ya yanke wayar, ya haɗa bakinta biyu. Wani ya liƙa takarda a kan fitilar. Fitila ta mutu, amma mai gadi aka kora. Ran da takalmi ya ƙare, babu mai faɗa. Ƙarfe ya ci ƙarfe, faifai ya lalace, kuɗin gyara ya ninka. Mafi muni, yaro ko saniya ta tsallaka kwalta, a taka birki, mota ta ƙi tsayawa.

Kafin a hau hanya

A sake takalmin dama da na hagu tare. In an sake gefe ɗaya, mota tana ja gefe.

Kafin mota ta motsa, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri. Lokacin gyara an tura abin matsewar baya, don haka takun farko fanko ne.

A duba man birki. Ya tsaya tsakanin layin MIN da layin MAX. A zuba irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Kada a zuba man inji ko ruwa.

A gwada birki a fili, a hankali. Kwanakin farko kada a yi gudu, sai sabon takalmi ya zauna.

Kai fasinja, in ka ga fitilar nan a kunne, ka tambayi direba cikin ladabi. Ranka ne a ciki. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Takalmi ya rage milimita nawa ake sake shi?
2. Mene ne bambancin jar fitila da mai ruwan ɗorawa?
3. Don me ake taka birki sau da yawa bayan gyara?

Ku rubuta amsa a littafinku, ku nuna wa malam. Wanda ya karanta ya karanta wa direban garinsu. Allah ya kiyaye hanya.