Yadda Turawa Suka Zana Mutanen Sin

Ka sani, kafin shekarar 1839 ba a san ɗaukar hoto da na'ura ba. In mutum ya je wata ƙasa, yana son mutanen garinsu su ga abin da ya gani, sai ya zana da hannu.

Ƙasar Sin kuwa ba ta shiguwa a lokacin nan. Daga 1757 har 1842, tashar Kanton kaɗai aka yardar wa Turawa su yi ciniki. A 1792 Sarkin Ingila ya aiki wani manzo, Makartni, wurin Sarkin Sin, aka haɗa shi da wani saurayi mai zane, sunansa Wiliyam Alekzanda. Bukatar manzon ba ta biya ba, amma saurayin ya komo da takardu cike da zane, ya buga littafinsu a 1805. Ya zana sojoji, da 'yan dako, da masunta masu kamun kifi da tsuntsu. Watau akwai wani baƙin tsuntsun ruwa mai dogon wuya da sukan horar. A ɗaura masa zobe a wuya, ya nutsa ya kamo kifi, ya kasa haɗiyewa, sai maigidansa ya karɓe.

Wani kuma, Joj Cinari, bashi ya koro shi daga Indiya a 1825, ya zauna a Makawo har ya mutu a 1852. Yakan fita da sassafe ya zana talakawa: mata masu tuƙin kwalekwale, da masu caca a gindin bango, da wanzamai. Wanzamin Sin ma yawo yake yi kamar namu, sai dai shi sanda yake saɓawa a kafaɗa, kujera a gefe guda, tasar ruwan zafi a ɗaya gefen. Ba ya rasa aiki, don sarakunan Mancu sun tilasta wa kowane namiji aske goshi, ya bar doguwar kitso a ƙeya. Al'adar ta mutu bayan faɗuwarsu a 1912.

To, ga inda za ka yi hankali. Zanen da ya fi bazuwa a Ingila na wani Tomas Alom ne, wanda aka fara bugawa a 1843. Akwai masu tayar da takarda sama da zare, da masu buga gashin tsuntsu da ƙafa, da 'yan jirgi suna gwara tsuntsaye su yi faɗa. Zane ne mai kyaun gaske. Amma a Landan ya yi shi, daga takardun waɗansu matafiya da hafsoshi, ya gyara, ya ƙara duwatsu da itatuwa yadda suka yi masa daɗi. Mutane da yawa suka gani, suka ce ai haka Sin take.

Saboda haka in an nuna maka irin wannan zane, duba ƙasansa, nan akan rubuta sunan mai shi da ƙananan baƙaƙe. Sa'an nan ka tambaya: shi ya je da ƙafarsa, ko kuwa labari aka ba shi?