Yadda Ake Duba Sandar Sifirin ta Fistol da Zaɓar Wadda Ta Dace

A ƙarƙashin bututun yawancin fistol mai ɗura kanta akwai siririyar sanda da sifirin ya naɗe. Idan harsashi ya tashi, murfin sama yana ja da baya ya watsar da kwanso, sifirin kuma ya dawo da shi ya ɗauko sabon harsashi. Aikin sandar shi ne hana sifirin lanƙwashewa.

Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya fistol cikin makaman da aka haramta mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Saboda haka a Kademi da sauran garuruwan Gaya da Ajingi na gabashin Kano aikin duba sandar na jami'an tsaro ne, musamman mai kula da ɗakin makamai, da ɗaliban Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil.

Da farko ana cire gidan harsashi, a ja murfi baya, a leƙa ramin bututu da ido, a kuma taɓa da yatsa. Bakin bindiga yana fuskantar inda babu kowa, harsasai kuma a wani tebur dabam. Sannan a kwance murfin bisa littafin kamfanin da ya ƙera ta.

Daga nan sai a gane irin tsarin da ke hannu, domin ba iri ɗaya ba ne. Samfurin 1911 na John Browning yana da gajeriyar sanda da toshi a gaba, kuma sifirinsa a sake yake, yana iya tsalle ya ji wa ido rauni. Glock, wadda ta fito daga Ostiriya a 1982, ta koma sandar roba mai ƙarfi da ke riƙe da sifirinta, kuma daga zubi na huɗu a 2010 aka ninka sifirin ya zama biyu. Makarov ta Rasha ba ta da sanda ko kaɗan. Sifirinta bututun ya naɗe.

Ana goge sandar a mirgina ta a kan tebur mai santsi. Wadda ta karkace za ta riƙa tangaɗi. A roba ana neman tsagewa ko ɓantarewa a gindi, a ƙarfe kuma tsatsa, wadda damina kan kawo. Sifirin da ya gajarce idan aka jera shi da sabo ya gaji, kuma masu gyara kan sauya shi tsakanin harbi 3,000 zuwa 5,000.

Wajen zaɓi ne ake yawan yin ɓarna. Roba ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, kuma tana ɗan lanƙwasa ta miƙe. Ƙarfe ya fi jure duka. Tungistin ya ninka ƙarfe nauyi fiye da sau biyu, don haka masu gasar harbi ke son sa, yana ɗan danne bakin bindiga kada ya ɗaga. Amma bindigar da ake dogara da ita a bakin aiki, sandar kamfani da sifirin kamfani sun fi mata. Sifiri mai laushi yana sa murfi ya riƙa dukan gangar jiki, mai tauri kuma yana hana kwanso fita. Ba a haɗa sandar wani zubi da murfin wani.

Mai kaɗan ake shafawa. A lokacin hunturu ƙura tana haɗuwa da mai ta zama taɓo mai cin ƙarfe, kuma wannan yana kawo maƙalewa.

Wajen mayarwa, gindin sanda ya zauna daram a gurbinsa a jikin bututu. Bayan haɗawa, ba tare da harsashi ba, ana ɗaga baki sama a ja murfi a sake shi a hankali. Idan ya kasa rufewa da kansa, sifirin ya gaji ko sandar ba ta zauna ba. Ba a mayar da bindigar bakin aiki sai an gwada ta a filin koyon harbi, an kuma rubuta ranar sauyin a rajistar ɗakin makamai.