Amsar Tambaya: Kullum Baba Sai An Kwantar da Shi Asibiti

'Yar'uwa daga Kasuwar Daji, Allah ya ba Baba lafiya. Gigin tsufa irin na Baba ba ya warkewa, amma yawancin abin da ke kai mai shi gadon asibiti ana iya tare shi tun daga gida: faɗuwa, ƙishirwa, zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara. Ki riƙa miƙa masa ruwa da kunu ko bai nema ba, domin mantawa yake yi. A rufe bakin rijiya, a bar fitila a hanyar bayan gida da dare. Mutum ɗaya ya riƙe magungunansa, kuma kada a sayo masa na barci a kemis. In ruɗewar ta tsananta farat ɗaya, ku garzaya Babban Asibitin Ƙaura Namoda ranar.