Yadda Ake Koya wa Kare Rawa da Kiɗa

A Zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase, duk wanda ya ajiye kare to don gadi ya ajiye shi. Amma a Ingila har gasar rawa da kare ake yi. Kowace shekara a watan Maris, a babban taron karnuka na Crufts da ake gudanarwa a Birmingham, mutum kan shigo fili da karensa, a saki kiɗa, su taka tare na 'yan mintoci, alƙalai suna ba da maki. A 2012 wata yarinya mai suna Ashleigh Butler da karenta Pudsey sun cinye gasar talabijin ta Britain's Got Talent da wannan wasa, suka tashi da fam 500,000.

Ana farawa ne da lafiyar dabba: allurar rigakafin haukan kare, maganin tsutsa, maganin kaska. Karen da ƙaiƙayi ya dama ba ya sauraron kowa.

Daga nan sai lada, kuma nan ne gundarin aikin. Ka yanka nama ƙanana-ƙanana, kamar ƙwayar gyaɗa. Ka zaɓi kalma ɗaya, a ce "Yauwa!", wadda ba za ka riƙa faɗa masa ba sai lokacin da ya yi daidai. Da ya yi abin da kake so, nan take ka faɗe ta, ka miƙa masa naman. In ka yi jinkiri ko kaɗan, ba zai gane me ya jawo masa ladan ba. In ya kuskure, kada ka daka masa tsawa, balle duka. Hana shi naman kawai, a sake gwadawa. Karen da aka saba duka yakan yi biyayya jiki a sanyaye, bindi a tsakanin ƙafafu, kuma alƙalan gasa da kallo ɗaya suke gane shi.

Darasin farko shi ne zo, zauna, tsaya. Sai tafiya a gefen ƙafarka, kafaɗarsa daura da gwiwarka, idonsa a kanka. Wannan kan ɗauki watanni. Bayan ya ƙware, ka riƙe nama kusa da hancinsa ka zagaya da hannu, zai bi ya juya. Haka ake koya masa juyi, da ratsawa tsakanin ƙafafunka kana tafiya, da ja da baya. Tsalle da tsayuwa da ƙafafun baya kuwa a jira ƙashinsa ya yi ƙwari, ɗan kwikwiyo ba ya jure su. Kowane zama ya zama gajere, minti 5 zuwa 10, da sassafe ko bayan la'asar, don kwaltar da rana ta gasa tana ƙona tafin ƙafarsa.

Kiɗa shi ne na ƙarshe. Kare ba kiɗan yake bi ba, hannunka da muryarka yake bi. Saboda haka kai za ka lura da saurin takunsa, ka nemo kiɗan da ya dace da shi, ko na highlife ne ko kalangu, sannan ka jera motsin da ya koya a kan kiɗan, gaɓa bayan gaɓa. A hankali kana rage naman har ya iya yin wasan duka kafin a ba shi, domin a gasa ba a shiga fili da abinci. Sai ka riƙa fita da shi inda akwai hayaniyar mutane, ya saba da 'yan kallo.

Ko ba ka da niyyar shiga gasa, ɗan uwa, in kana da kare a gida, ajiye sanda ka gwada nama da "Yauwa" na wata guda.