RASHIN HAIHUWA: SHIN MACE KAƊAI CE JUYA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasinmu na wannan mako ya shafi wata matsala da ake yawan tambayar malamai a kanta a nan Karare da sauran ƙauyukan ƙasar Batsari da Safana, amma a ɓoye, saboda kunya. Watau matsalar ma'aurata waɗanda suka shekara biyu ko biyar ko goma, Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da muka saba gani shi ne, da zarar an yi shekara biyu shiru, sai uwar miji ta soma habaici, dangi su soma ba shi shawarar ƙarin aure, ita kuwa matar a laƙaba mata sunan juya. Shi maigidan ba wanda ya ke ɗaga ido ya dube shi.

To bari mu fara da lugga, domin a nan kuskuren ya soma. A bakin Bahaushe juya mace ce, ko saniya. A Larabci kuwa kalmar ita ce "aƙim", kuma duk ɗalibin da ya yi nisa a sarfu ya san ana faɗinta ga namiji ana faɗinta ga mace ba tare da an sauya mata siffa ba. Da ita Allah Maɗaukakin Sarki ya yi amfani a Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, inda ya kasa bayinsa kashi huɗu: wanda ya ba 'ya'ya mata, da wanda ya ba maza, da wanda ya gauraya masa, da wanda ya bari babu haihuwa. Ayar ba ta keɓe mata ba, kuma ba ta kira kashi na huɗu azaba ko alamar fushin Ubangiji ba. Rabo ne daga cikin rabe-rabe, an rufe zancensa da ambaton sani da ikon Allah.

Wanda ya ke ganin rashin haihuwa naƙasa ce ga darajar mace, sai ya dubi gidan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama. A cikin iyalansa Nana Hadiza da Mariya ne kaɗai suka haifa masa. Nana A'isha, wadda malaman sahabbai su ke zuwa ɗaukar ilmi a bayan labulenta, ba ta taɓa haihuwa ba, har aka yi mata alkunya da Ummu Abdullahi saboda ɗan 'yar'uwarta Asma'u, watau Abdullahi ɗan Zubairu. Ba mu ji an taɓa goranta mata ba. Haka kuma a fiƙihun Malikiyya, aibobin da Risala ta lissafa waɗanda ake mayar da mace saboda su, su ne hauka da kuturta da albaras da cutar farji. Rashin haihuwa ba ya ciki.

Ilmin likitanci ya zo ya ƙarfafa wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kimanin mutum 1 cikin 6 na manya ya kan gamu da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun tabbatar da cewa a wajen rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Nan ne maza su ke turjewa. Sai ka ji mutum ya ce ai shi lafiyarsa lau, tun da ya ke ya na iya kusantar iyalinsa. Wannan haɗa abu biyu ne waɗanda ko malaman fiƙihu ba su haɗa su ba. Wanda ya kasa saduwa shi ake kira "mu'utarali", shi ne alƙali ya ke ba jinkirin shekara guda. Amma namiji ya kan kasance da cikakken ƙarfi, ya na fitar da maniyyi, alhali ƙwayoyin haihuwar da ke cikinsa kaɗan ne, ko raunana, ko babu su sam. Ido ba ya ganinsu, sai an sa na'ura. Hangum da ya kama mutum bayan balaga ya sauka maraina, da ciwon sanyin da ba a yi masa magani sosai ba, da kumburin jijiyoyin maraina, duk su kan jawo haka. Awon kuwa ba shi da wuya ko kaɗan, ya fi na mace sauƙi da araha. Saboda haka mutumin da ya auri ta farko ya saki, ya auri ta biyu da ta uku duk shiru, sa'an nan ya ga wadda ya saka ta haihu a wani gida, lalle ya kamata ya ji tsoron Allah ya daina zaluntar 'ya'yan mutane, ya tafi a auna shi. Haka nan mai fushi da matarsa don ta jera masa 'ya'ya mata, ya sani ƙwayar uba ce ta ke zama sanadin jinsin ɗa, da izinin Allah.

A ɓangaren mata, abin da ya fi yawa a ƙasashenmu shi ne toshewar hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, sanadiyyar ciwon sanyi, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari a wurin da babu tsabta. Tsargiya ma, wadda ake ɗauka a wankan tafki, ta kan taɓa mahaifa. Yankan gishiri da wanzamai su ke yi da sunan buɗe hanya ba ya buɗe kome, sai dai ya bar mace da zubar jini ko yoyon fitsari. Ita kuma wadda jininta ya ɗauke, cikinta ya ɗan tasa, aka ce mata ciki ne ya kwanta, ta je a duba ta da na'ura, domin sau da yawa ƙari ne a mahaifa. Gaskiya ne malaman Malikiyya sun kai iyakar zaman ciki shekara huɗu ko biyar, Hanafiyya suka ce biyu, Ibnu Hazmi ya tsaya a wata tara. Wannan saɓani da kansa ya nuna ba aya ba ce ko hadisi, ijtihadi ne da aka gina a kan labarin matan zamaninsu, kuma an yi shi ne don kare nasaba da mutuncin mace a gaban alƙali. Ba a yi shi don a hana mara lafiya magani ba.

Waɗansu su kan tambaya, shin zuwa asibiti ba ya warware tawakkali? Ba ya warwarewa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito umurnin Annabi da a nemi magani. Annabi Zakariya'u, alaihis salam, ya roƙi ɗa bayan ya tsufa kuma matarsa ba ta haihuwa, kamar yadda ya zo a farkon Suratu Maryam, saboda haka addu'a ita ce gaba. Abin da ya ke warware tawakkali shi ne tafiya wurin boka ko ɗan bori, ya ce kishiya ce ta ɗaure mahaifa ko namijin dare ne ya aure ta, a yanka baƙin bunsuru. Muslimu ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ga asarar dukiya, ga gabar da ba ta ƙarewa a tsakanin mata biyu na gida ɗaya.

Game da haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a ɗakin gwaji a mayar cikin mahaifa, wanda aka haifi jaririyar farko ta hanyarsa a Ingila a 1978, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na birnin Amman a 1986 ta halatta shi, da sharaɗin ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta ne, mahaifa tata ce. Aron maniyyi ko ƙwai ko mahaifar wata haramun ne, domin cakuɗa nasaba ne. Riƙon ɗan 'yan'uwa ko maraya kuwa, wanda Hausawa suka gada, alheri ne babba, musamman yanzu da ta'asar 'yan bindigar dajin Rugu ta bar marayu da yawa a wannan yanki, muddin dai an bar yaro da sunan ubansa kamar yadda Suratul Ahzab ta hukunta.

Yaushe ne ya kamata a nemi likita? Idan an cika shekara guda ana tare ba a sami ciki ba, ko wata shida in matar ta wuce shekara 35. A lura da kalmar "ana tare". Kwanakin ɗaukar ciki kaɗan ne a wata, domin ƙwai ya kan fito ne kimanin kwana 14 kafin zuwan haila ta gaba. Magidancin da ya ke tafiya cin rani Kano ko Ikko tun bayan girbi, ba ya komowa sai ruwa ya sauka, kada ya lissafa wa matarsa watannin da ba ya nan. In an cika wa'adin, a fara da babban asibitin Batsari, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Katsina. Kuma su tafi su biyu, shi da ita, a fara da shi.

Allah shi ne Masani.