RANA DA ISKA: DARASI DAGA KWARIN RIMA

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada a Argungu da tsakar rana cikin watan Afrilu ya san yashi ba ya takuwa sai da takalmi. In ya koma wurin cikin Agusta zai tarar ruwa ya rufe fadama, sama kuma ta yi baƙi da hadari. In ya sake komawa cikin Janairu, sai hazo ya hana shi hangen ƙetare, leɓe ya tsage, masunta suna jin wuta da asuba. Gulbin bai sake ba, ranar da ke sama kuma ita ce dai. To, me ya kawo wannan bambanci? Abin da za mu bincika ke nan a darasin wannan wata, gama abincinmu da lafiyarmu suna rataye a kansa.

1. YADDA RANA KE ƊUMAMA DUNIYA

Tsakaninmu da rana akwai wajen kilomita miliyan 150. Haskenta ya kan yi minti 8 da 'yan daƙiƙu kafin ya iso mu. In mun raba abin da ke isowa kashi 100, wajen kashi 30 gizagizai da ƙura da farin yashi da ƙanƙara su kan mayar da shi sama. Wajen kashi 20 iska da gizagizai su ke sha. Sauran, watau wajen rabi, ƙasa da teku ne ke shanye shi.

Ku lura da wannan da kyau. Hasken rana ya kan ratsa iska ya wuce, ba ya ɗumama ta sosai. Ƙasa ce ke fara yin zafi, sa'an nan ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta, kamar yadda wuta ke dafa tukunya daga gindi. Shi ya sa in mutum ya hau bisa sai sanyi ya ƙaru, wajen digiri 6 da rabi a kowace kilomita. Mutanen Jos sun fi mu kusa da rana kaɗan, amma su ne ke lulluɓa da bargo sa'ad da mu ke kwana a waje.

Da dare ƙasa ta kan saki zafin da ta sha. Tururin ruwa da ke cikin iska, da gizagizai, da wata iska da a ke kira kabon dayoksaid, su ne ke tare wani sashi su mayar mana, kamar mayafi. Da babu wannan mayafi, da matsakaicin zafin duniya ya sauka zuwa digiri 18 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, maimakon wajen digiri 15 da mu ke da shi.

2. BA DAIDAI RANA KE RABA ZAFINTA BA

A ɗauki tocila da dare a haska bango kai tsaye. Hasken zai taru wuri ɗaya, ya yi ƙarfi. A karkata ta, sai ya bazu ya yi rauni. Haka ya ke ga duniya, domin dunƙulalliya ce kamar lemo. Ƙasashen da ke kusa da layin tsakiyarta, wanda a ke kira Ikwaita, suna samun haske daga bisa kai. Ƙasashen can arewa da can kudu kuwa a karkace su ke samunsa.

Har wa yau duniya a jirkice ta ke da digiri 23 da rabi, tana kewaya rana sau ɗaya a shekara. Saboda haka wurin da rana ke tsayawa daidai bisa kai ya kan matsa arewa har 21 ga Yuni, ya koma kudu har wajen 21 ga Disamba. Birnin Kebbi tana wajen digiri 12 da rabi arewa da Ikwaita, kusan kilomita 1,400 ke nan, Argungu kuwa ta ɗan fi ta arewa kaɗan. Rana ta kan bi ta bisa kanmu sau biyu, wajen 23 ga Afrilu tana tafiya arewa, da wajen 20 ga Agusta tana komowa.

3. BABBAN KEWAYEN ISKA

Uwargida ta san in ruwa ya ɗauki zafi a tukunya, na ƙasa ya kan taso, na bisa ya sauka ta gefe. A zuba ɗan ƙaiƙayi a ciki, za a ga yana kewayawa. Iska ma haka ta ke. In ta yi zafi sai ta buɗe, ta yi sauƙi, ta tashi, wata mai nauyi ta zo daga gefe ta maye gurbinta. Wannan zuwa shi ne busawar da mu ke ji a jikinmu. Ungulu da shirwa da ke shawagi da hantsi ba tare da kaɗa fiffike ba, iska mai tashi ce su ka hau. Guguwar da ke ɗiban kara a gona cikin bazara ita ma ƙanwar wannan al'amari ce.

A wajen Ikwaita iska mai zafi da laima tana tashi sama har fiye da kilomita 12. Tana hawa tana yin sanyi, tururin da ke cikinta ya zama girgije, ya zubo ruwa. Shi ya sa kurmi ya ke a can. Bayan ta zubar da ruwanta sai ta rabu biyu a sama, wata ta nufi arewa, wata kudu. A wajen digiri 30 ta kan sauko. Iskar da ke saukowa ta kan matsu, ta yi ɗumi, ta bushe, ba ta barin girgije ya haɗu. A ƙarƙashinta ne Sahara ta ke, da hamadar Larabawa, da Kalahari a kudancin Afirka. Daga nan sai ta bi ƙasa ta komo wajen Ikwaita, kewaye ya cika. Wani lauya mutumin Ingila, George Hadley, shi ya bayyana wannan a shekarar 1735, har yau da sunansa masana ke kiran kewayen. Bayan wannan akwai waɗansu kewaye biyu a kowane gefen duniya. Su da igiyoyin teku ne ke kai rarar zafinmu ƙasashen sanyi.

Watakila wani ya ce, in haka ne ai daga arewa sak ya kamata iskar ta zo mana. Amsa ita ce duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas. A sa yaro ya riƙa juya faifai, wani ya ja layi a kai da gawayi, hannunsa a miƙe. Layin zai fito a tanƙware. Haka juyawar duniya ke karkatar da iska, zuwa dama a arewacin Ikwaita, zuwa hagu a kudancinsa. Wani masani na Faransa, Coriolis, ya yi lissafin wannan a 1835.

4. ISKOKI BIYU DA KE JAYAYYA A KANMU

Iska ta fari ita ce wadda ta sauko a Sahara, ta karkata, ta zo mana daga arewa maso gabas. Ita ce iskar hunturu. Busasshiya ce ƙwarai. Ƙurar da ta ke ɗauke da ita, da yawa daga Bodele ta ke, wani kwari a ƙasar Cadi inda babban tafki ya ƙafe tun zamanin da. Wata ƙurar Sahara har teku ta ke ƙetarewa ta sauka a Amurka ta Kudu. Da ya ke babu laima a iskar, mayafin nan ya yi shara-shara, zafin rana ya kan gudu da dare. Dalilin sanyin asuba ke nan.

Iska ta biyu daga tekun Atilantika ta ke, kudu da Ikwaita. In ta ƙetare layin sai ta karkata dama, ta zo mana daga kudu maso yamma, ta bi ta kan Ikko da Ilori da Yawuri, cike da tururin da rana ta ɗebo daga teku.

Inda su biyun su ka gamu akwai iyaka, iyakar kuwa tana bin rana a baya a baya. Cikin Janairu tana can kusa da bakin teku. In rana ta matso arewa, Sahara ta kan yi zafi fiye da teku nesa ba kusa ba, iskar da ke kanta ta tashi, ta jawo ta teku zuwa cikin ƙasa. Wajen Afrilu da Mayu iyakar ta kan wuce ta kanmu. Lokacin ne gumi ke damunmu, dare ba ya kwantuwa. Cikin Agusta ta kan kai wajen digiri 20, arewa da Agadas, sa'an nan ta juyo, ta sake wuce mu cikin Oktoba.

Ga abin da manomi zai riƙe. A bakin iyakar, iska mai laima ba ta da kauri, busasshiya kuma tana danne ta daga bisa. Ruwa mai ƙarfi yana baya, tafiyar kilomita ɗari da yawa. Saboda haka juyawar iska zuwa kudu alama ce damina tana tafe, amma ba ta zauna ba tukuna. Iyakar ta kan matso, ta ja da baya, ta sake matsowa. Ruwan fari ya kan sauka, a yi shuka, sa'an nan sama ta ɗauke kwana goma sha, tsiro ya ƙone.

Wani abin mamaki kuma, laima daga yamma ta ke zuwa, amma hadarinmu daga gabas ya ke tasowa. Dalili shi ne a can bisa, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai iska mai ƙarfi da ke busawa daga gabas. Ita ce ke tura hadari zuwa yamma.

Me ya sa kuma Afrilu ya ke da zafi har ya wuce digiri 40, Agusta kuwa da sauƙi, alhali rana tana bisa kai a duka biyun? Cikin Agusta gizagizai suna tare haske, zafin da ya iso kuma ya kan ƙare wajen busar da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Cikin Afrilu babu girgije, babu laima, duk zafin a kan ƙasa da mutane ya ke sauka.

5. GULBI DA GONA

Ruwan da mu ke samu a shekara a wannan yanki wajen milimita 700 zuwa 800 ne, kusan dukansa daga Yuni zuwa Satumba. Amma gulbinmu ba ruwan Kebbi kaɗai ya ke ɗauka ba. Ruwan da ya sauka a Katsina da Zamfara da Maraɗi shi ne ke taruwa a Rima da Gulbin Sakkwato, ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa Kwara. Shi ya sa fadama ta kan cika ko da sama ta yi mana garau. In ruwa ya janye sai a yi noman rani, kifi ya taru a gurbi mai zurfi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda a ka soma a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, cikin Fabrairu ko Maris a kan yi shi, lokacin da ruwa ya yi ƙasa har mai homa da gora zai iya shiga.

In iyakar nan ta gaza hawa arewa yadda ya kamata, sai fari. Haka a ka yi a 1913, yunwar da kakanninmu su ka kira Kakalaba ta biyo baya. Haka kuma a 1972 da 1973, da 1984. Masana sun gano zafin ruwan teku yana da hannu a ciki. In arewacin Atilantika ya yi sanyi bisa ga kudancinsa, damina ta kan noƙe a kudu. In kuwa ruwa ya yi yawa sai ambaliya, kamar ta 2010, da ta 2020 wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. Hayaƙin man fetur da kwal da ƙona daji ya ƙara wa mayafin duniya kauri, har zafinta ya ƙaru fiye da digiri 1 tun ƙarshen ƙarni na 19. Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar tururi, wajen kashi 7 cikin 100 a kowane digiri, saboda haka in ta tashi zubarwa ta kan zubar da yawa a lokaci ɗaya.

6. ABIN DA ZA MU YI

Kada mu zuba dukan irinmu a ruwan fari. A tona ƙasa a ga ko laima ta shiga sosai, a kuma ajiye wani iri domin maimai. Hukumar NiMet ta kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Wanda ya iya karatu ya nema, ya karanta wa maƙwabcinsa. Mai gona a fadama ya riƙa tambayar labarin ruwa a Sakkwato da madatsar Goronyo, kada ya dubi samansa kaɗai. Cikin hazo da bazara a kiyaye cunkoso a ɗaki marar taga, a kai yara rigakafi, gama lokacin sanƙarau ke nan. A dasa itatuwa, a bar kara a gona, domin ƙasa mai rufi ba ta saurin bushewa. Bayar da ruwa ikon Allah ne, amma ya ba mu hankali mu lura da hanyarsa, mu yi shiri.

AIKIN GWAJI

Malamai su kafa sanda a miƙe a filin makaranta, yara su riƙa auna inuwarta da tsakar rana sau ɗaya a mako. Za su ga ta kusa ɓacewa wajen 23 ga Afrilu, ta koma kudu har Agusta, sa'an nan ta komo arewa. A ɗaura ƙyalle a bisa wata sanda kuma, a rubuta ranar da iska ta juya.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa Jos ta fi Birnin Kebbi sanyi?
2. Ina iskar da ta tashi a Ikwaita ta ke sauka, me kuma ta ke haifarwa a can?
3. Daga ina iskar hunturu ke zuwa, daga ina kuma ta damina?
4. Don me ruwan fari ya kan ruɗi manomi?
5. Yaya fadamar Argungu za ta cika alhali ba a yi ruwa a garin ba?