Daga Murhun Inna Zuwa Duniyar Mars

A hutun da ya wuce na je gida Ƙaraye. Wata rana da daddare Inna tana miya a tsakar gida, gishiri ya kuɓuce mata ya zuba a wuta, nan take harshen wutar ya koma rawaya. Ƙanena ya ce, "Yaya, me ya sa?" Na yi shiru, alhali zango guda muka yi muna gwajin harshen wuta a ɗakin gwaje-gwaje. Kunyar da na ji ce ta sa na koma karatu, ga kuma abin da na samo.

Kowane sinadari yana da irin hasken da yake fitarwa ko yake shanyewa, kamar yadda kowa ke da nasa zanen yatsa. Sodiyam da ke cikin gishiri yana fitar da layuka biyu, a nanomita 589.0 da 589.6. Su ne rawayar da muka gani. To idan haske ya iso daga wata duniya, ya za a yi a san na wane sinadari ne? Sai an duba rajista. Wannan rajista ita ce rumbun bayanan zarra da molikul.

Uku sun fi shahara. Akwai na hukumar NIST ta Amurka, mai ɗauke da layukan zarra. Akwai HITRAN, wanda aka fara a 1973, yana tattara layukan iskoki irin su tururin ruwa da kabon dayoksaid. Sai ExoMol na Landan, wanda aka tanada don duniyoyi masu tsananin zafi. Da irin waɗannan bayanai ne a 2022 masana suka tabbatar na'urar hangen nesa ta James Webb ta gano kabon dayoksaid a sararin duniyar WASP-39b.

Kar ku ce abin na Turawa ne kawai. Ran 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai kimanin kilo 18 ya faɗo daga sama a Zagami, ƙasar Katsina. Daga baya aka auna iskar da ta maƙale a cikinsa, aka kwatanta da ma'aunin da kumbunan Viking suka aiko daga Mars a 1976, sai ga shi sun dace. Ba don an adana wancan ma'aunin ba, da wuya a tabbatar da asalinsa.

Amma fa a yi hattara. A 2020 wasu masana suka sanar sun ga iskar fosfin a duniyar Zahara, har aka fara maganar ko akwai rai a can. Wasu suka ce a dakata, layin salfa dayoksaid yana dab da wurin, ƙila shi aka gani. Kama da wane ba ta wane. Mu ma haka za ta iya faruwa da mu a aikin kammala karatu: ka ga layi, ka yi saurin raɗa masa suna, ka tashi a tutar babu gaban masu tantancewa.

Ga aikin gida. Rumbun NIST kyauta ne, wayarka ma ta isa. Shiga ka rubuta K, wato fotasiyam, wanda ke cikin tokar murhu, ka nemo layukansa biyu masu ƙarfi tsakanin nanomita 760 da 775. Ni da wani abokina ɗan Rogo mun gwada, bai ci mana data mai yawa ba. Wanda ya samo, ya kawo amsarsa ofishin mujalla.